Rabin Awar Auta

Duk wanda ya taɓa kai firji gyara a layin bayan tashar mota ya san Mai Firji, kuma ya san abu biyu game da shi: aikinsa ba ya dawowa, musunsa kuma ba ya ƙarewa. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ya ɗan haura arba'in, kullum da sukundireba soke a aljihun gaba inda wasu ke soke biro. Shagonsa ɗaki ɗaya ne cunkushe da firji, wasu a tsaye, wasu a kwance, wasu kuma masu su sun manta da su shekara da shekaru. Yana kara kunne a bayan firji zai ce maka kwampreso ne ya gaji ko gas ne ya tsiyaye. In ka kuskura ka ce wani mai gyara ya faɗi daban, to ka nemi wurin zama, don sai ya kwance shi a gabanka ya nuna maka, ko da ka riga ka ce ka yarda.

Halin ba yau ya fara ba. Tun yana ƙarami ba a cin sa a tashi lafiya. In aka yi tsere aka wuce shi, sai an sake, in an sake aka wuce shi, to ƙasar ce ba daidai ba. Mama takan ce ko wankan safe ne sai ya riga kowa, ya fito da kumfa a bayan kunne yana murna.

Shagon na Baba ne asali. Baba mutum ne da magana ke yi wa tsada, da nuni ya koya wa 'ya'yansa biyu aiki, kuma shirun nan suka gada tare da filaya da wutar walda. Bayan rasuwarsa Mai Firji ya yi shekara goma yana aiki da ƙanensa, wanda kowa ke kira Auta. Shekara tara ce tsakaninsu. In ka zaunar da su fuska da fuska, gaisuwa ce kawai za ta shiga tsakani, daga nan kowa ya hau kallon takalminsa. Amma a tsugunar da su a bayan firji, kafaɗa da kafaɗa, ɗaya riƙe da tocila ɗaya yana bin bututu, sai ka ji hira ta ɓalle. A bayan wata tsohuwar firiza Mai Firji ya fara faɗin yarinyar da yake so ya aura. A bayan wata kuma Auta ya ce ya samu aiki a masana'antar sarrafa kifi, a wata ƙasa mai nisa da sanyi, kuma zai tafi. Babu wanda ya ɗago ido a cikinsu ranar.

Da Auta ya tafi, sai aka koma waya, waya kuwa ba ta karɓe su ba.

"Yaya, ina wuni?"

"Lafiya lau. Ya aiki?"

"Da godiya. Ya Mama? Ya yara?"

"Duk lafiya. Ya sanyi?"

"Yana nan."

"To, madalla."

Matar Mai Firji ta taɓa duba agogo, minti ɗaya da rabi. Ta ce ko mai kuskuren lamba ya fi haka daɗewa a waya. Ya yi dariya, amma abin yana ci masa rai. Yana kewar ƙanensa sosai, bai dai san ta inda ake faɗa ba.

Shekara uku ana haka, sai Direba ya zo da wasan. Direba abokinsa ne tun na makaranta, bas yake ja, kuma shi ya cusa wa Ticha, mai koyar da lissafi a sakandaren unguwa. Wasan a waya ake yi ta intanet. Mutum huɗu ne a kowane ɓangare, a sauke ku a wani ƙauye na zane, ku nemi makamai, ku fafata da wasu huɗun da ba ku taɓa gani ba. Ɓangaren da aka kayar duka ya sha kashi. In rabin awa ta cika ba a gama da kowa ba, sai a ƙirga waɗanda suka faɗi, in sun zo daidai an yi canjaras. Wanda aka kayar ba ya fita. Fuskar wayarsa takan koma nuna masa abin da ɗan'uwansa mai sauran rai yake gani, kuma muryoyinku suna haɗe ta abin kunne har a tashi.

Su uku ne, ana neman na huɗu. Mai Firji ya tura wa Auta saƙo mai kalma biyar, washegari ya ga suna ya bayyana da ɗigon kore a gefe. Lahadi ce ranar hutun Auta, la'asar ɗin nan kuwa hantsi ne a can. Haka aka kafa zaman Lahadi: a ja ƙofar shago rabi, Direba ya haye firizar da aka kifa, Ticha ya kama kujera ɗaya tilo, Auta kuma yana cikin kunnuwansu daga ɗakin hayarsa.

Wannan lokaci ne Mai Firji yake tunawa yanzu in ya zauna shi kaɗai. Ana son a ci, ba wasa ba, har ihu ake yi mai shagon taya ya leƙo. Amma in an sha kashi dariya ake yi har da riƙe ciki. Direba, mutumin da ya shekara ashirin a kan titi bai taɓa goga motar kowa ba, sau uku yana jefa su a kogi da motar cikin wasa. Ticha yakan tsaya lissafin harsashi har a zo a same shi. Wanda ya fara faɗuwa shi ke tashi ya haɗa shayi, kuma sau da yawa Mai Firji ne, don shi bai san jira ba, da an sauka yake rugawa gaba.

Auta kuwa kusan kullum shi ne na ƙarshe. Yana da wani ɗakin ajiya a bayan gonar ƙauyen, nesa da inda ake artabu. In sauran sun faɗi sai ya shige can, ya ja ƙofa, ya tsuguna bayan buhuna. Su uku suna kallo ta idonsa, hannu ba aikin yi, sai ka ji muryarsa a hankali.

"Yaya, wai bishiyar ƙofar shago tana nan?"

"Tana nan. Fita mana, suna ta hagu."

"Zan fita. 'Yarka 'Yar Baba ta fara karatu da kanta kuwa?"

Ido na kan waya, sai baki ya buɗe. A haka Mai Firji ya ji cewa hannun Auta yana tsagewa saboda ƙanƙara, cewa mai gidan hayarsa tsohuwa ce mai kyanwa biyar, cewa akwai ranakun da yake wuni bai furta kalma ɗaya da harshen gida ba. A haka shi ma ya faɗi cewa ƙafar Mama tana kumbura, cewa wani lokacin yana miƙa hannu baya don a ba shi filaya, sai ya tuna ba kowa. Rabin awa ta cika, a tashi canjaras ko a sha kashi, a tsokani Auta a ce masa ɗan ɓuya, a rabu sai wata Lahadin.

Sai masu wasan suka kawo sabon tsari. Aka sa matakai: tagulla, azurfa, zinariya, lu'ulu'u. Nasara tana ƙara maki, faɗuwa tana ragewa, canjaras ba ta ba da komai. Aka kuma sa wani dogon jeri da ke nuna wa kowa na nawa ne shi a cikin dubban mutane. Direba ya duba sau ɗaya ya ce su dai suka sani. Ticha ya ce lissafin ma ba daidai ba ne. Mai Firji kuwa, Allah sarki, kamar an ɗora masa tsohon ciwonsa a tafin hannu. Ya ga lambarsa, ya ga na sama da shi, shi ke nan zaman lafiya ya ƙaurace wa Lahadinsu.

Ya fara raba umarni. Ya hana Direba taɓa mota. Ya daina haɗa shayi, wai ɓata lokaci ne. Duk tambayar da Auta ya yi daga bayan buhuna, amsar ɗaya ce: a bari sai an gama.

Ranar da abin ya ɓaci, nasara ɗaya ta rage musu su shiga zinariya. An kayar da uku a nan, uku a can. Auta ya rage, da mutum ɗaya na wancan ɓangaren, wanda Mai Firji ya riga ya raunata kafin ya faɗi. Minti goma sha biyu suka rage a agogo. Auta ya juya ya nufi bayan gona.

"Auta, ina za ka? Ga shi can gindin rijiya, hurawa kawai za ka yi ya faɗi!"

"Na gan shi, Yaya. Wai likitan me ya ce game da ƙafar Mama?"

"Ka bar maganar ƙafa! Fita!"

"To, yanzu. Maganin da aka canja mata ya karɓe ta?"

Minti goma sha biyun nan suka tsiyaye a gaban idon Mai Firji ɗaya bayan ɗaya. Aka tashi canjaras. Ya miƙe tsaye, jijiyar wuyansa ta fito.

"Kai ko a can haka kake musu aikin? Kaya ne kai, Auta. Kaya muke ɗauka duk Lahadi. In hira kake so ka nemi abokan hira, mu wasa muke yi."

Direba ya sunkuyar da kai. Can muryar Auta ta zo, ba fushi a cikinta ko kaɗan, abin da ya fi komai muni ke nan.

"To, Yaya. A yi haƙuri."

Kafin wata Lahadin Mai Firji ya cire sunan Auta daga tawagar, ya sa wani baƙo mai kiran kansa Kunama, wanda ba ya gaisuwa amma ba ya kuskure. Bai kira ya yi bayani ba. Ya ce wa kansa na ɗan lokaci ne, da sun hau zinariya zai dawo da shi. Irin wannan alkawarin da mutum ke yi wa kansa kuwa kowa ya san inda yake kwana.

Suka hau zinariya. Ticha ya ce jarrabawa ta matso, yana da takardun dubawa, bai sake zuwa ba. Direba ya jure wata biyu, rannan Mai Firji ya daka masa tsawa a kan harsashi biyu, ya cire abin kunne ya ajiye a kan firiza, ya ce shi fasinja ma ba ya bari su yi masa haka. Mai Firji ya ci gaba da baƙi. Wasan ya tashi daga Lahadi ya mamaye Talata da Alhamis, ya shiga tsakanin aiki da aiki. A watan ne, karo na farko a tarihin shagon, wata mai sayar da ruwan sanyi ta dawo da firizarta ta ce ba ta yi ba. Ya manta bai ɗaure wata mahaɗa ba. Ya gyara bai yi musu ba, unguwa ta yi mamakin rashin musun fiye da kuskuren.

Wata takwas bayan cire Auta, Mai Firji ya shiga lu'ulu'u. Wayar ta yi walƙiya, ta yi kiɗa. Ya ɗago kai don ya nuna wa wani, babu kowa a shagon sai firji. Ya zauna da wayar a hannu, yana jin wani irin fayau a ƙirji, ya rasa wa zai kira.

Direba ne ya fasa masa ƙwan, ranar da ya kawo fankar motarsa a duba. Mai Firji ya nuna masa alamar lu'ulu'u, ya ƙara da cewa da Auta ya iya wasa da tare za su hau.

Direba ya dube shi sama da ƙasa. "Wai da gaske kake, ko raina mini hankali kake yi?"

"Kamar yaya?"

"Ka tuna Lahadin da ka kai Mama asibiti? Mun shiga mu uku da wani baƙo. Wallahi yaron nan shi kaɗai ya share mutum huɗu kafin ni in sami takalmi. Minti biyar. Ya ce mana tunda Yaya ba ya nan bari ya je ya yi wanki. Duk cikinmu ba mai hannunsa, har kai." Ya karɓi fankarsa. "Ni da Ticha tun wata na biyu muka gane. In ya harbe na ƙarshen, wasa ya tashi, kai kuma ka ce sai wani satin. Kai kaɗai ne ba ka gani ba, Injiniya, kai da kake jin ciwon firji ta bayanta."

Mai Firji ya mayar da wayar aljihu. Da yamma ya kira Auta, da niyyar ya faɗi duk abin da ke bakinsa. Aka ɗauka.

"Yaya, ina wuni?"

"Lafiya lau. Ya aiki?"

"Da godiya. Ya Mama?"

Mai Firji ya ce tana lafiya. Ya tambayi sanyi, aka ce yana nan. Ya ce madalla. Matarsa tana tsaye da tsintsiya ta ce, "Baban yara, kalma biyu ce fa, yafe mini. Ko in karɓa in faɗa maka?" Ya ce ita ba za ta gane ba. Ta ce lallai kam ba za ta gane ba.

Hanya ɗaya ya sani, ita ya bi. Ya buɗe wasan ya nemi sunan Auta, ya ga har yanzu yana azurfa, kuma yakan shiga jefi-jefi. Ya danna gayyata. Wayar ta rubuto masa cewa tazarar matakinsu ta yi yawa, ba za a haɗa su a tawaga ɗaya ba. Da ya kira Ticha, sai Ticha ya ba shi shawara ya buɗe sabon suna ya fara daga ƙasa. Ya ƙi. Ya ce sunan da ya kori Auta, shi zai je ya ɗauko shi.

Don haka mutumin da ko tseren yara bai taɓa yarda an ci shi ba ya zauna yana neman faɗuwa. Ba zan ce ya kyauta wa bayin Allah da aka riƙa haɗa shi da su ba, don su da gaske suke yi, ya jawo musu asara ba su ji ba ba su gani ba. Da an sauka sai ya juya ya nufi bayan gona, ya shiga ɗakin ajiya, ya ja ƙofa. Baƙi suka zage shi da harsunan da ya sani da waɗanda bai sani ba. Wani mai muryar ɗan shekara ashirin ya ce masa kaya ne shi, ya je ya nemi wasan tsofaffi. Mai Firji ya saurara har ƙarshe bai kashe sautin ba, yana ganin ba shi da bakin cewa komai.

A tsugunen nan ya ga abin da bai taɓa gani ba duk tsawon wasansa. Akwai taga ƙarama a ɗakin, ana hango igiyar shanya da riguna uku suna kaɗawa. Akwai tsohuwar rediyo a kan kanta, da keke ba taya. Wani ya zauna ya zana duk wannan, kuma Auta ya yi shekara yana kallonsu yana jiran amsa. Mai Firji yakan kama kansa yana magana shi kaɗai, yana ba da labarin bishiyar da aka sare reshenta saboda wayar wuta.

Sati bakwai ya ɗauka yana gangarowa. Ya fita lu'ulu'u, ya ratsa zinariya, ran wata Juma'a ya ga alamar azurfa ta dawo, ya yi murnar da bai yi ba ranar hawa. Asabar ya share shagon. Ya tara labarai a kansa, har ya rubuta wasu a bayan kwalin kwampreso don kada ya manta: Mama ta fara takawa ba sanda, 'Yar Baba ta zo ta biyu a aji kuma ta yi kuka don ba ta zo ta ɗaya ba, mai shagon taya ya aurar da 'yarsa. A ƙasan kwalin ya rubuta kalma biyun da matarsa ta faɗa, ya ja layi a ƙarƙashi.

Lahadi da la'asar ɗigon ya yi kore. Ya danna gayyata. Daƙiƙa goma, ashirin. Aka karɓa.

"Auta," ya ce. "Auta, kana ji na?"

A gefen sunan akwai 'yar alamar makirufo da jan layi a kanta. Auta yana iya ji, amma ya rufe nasa bakin. Aka haɗa su da baƙi biyu, aka sauke su. Mai Firji ya ruga bayan gona, ya shiga ɗakin ajiya, ya bar ƙofar a buɗe, ya koma gefe ɗaya na buhunan don a sami wurin mutum biyu. Ya jawo kwalin kusa da gwiwarsa.

"Ina ɗakin nan," ya ce. "In ka samu sarari ka zo. Wai ka san Mama..."

Sanarwa ta fito a saman waya: Auta ya kayar da mutum ɗaya. Mai Firji ya yi sauri, ya tsallake labarin sanda ya faɗa na 'Yar Baba. Bai kai ga kukan ba aka rubuto na biyu. Harbi yana tashi can wajen rijiya, tsaf-tsaf, ba ɓarnar harsashi, irin wasan da ya yi wata da watanni yana roƙo a yi masa. Na uku ya faɗi.

"Auta, dakata. Don Allah bar na ƙarshen. Akwai lokaci, minti ashirin da huɗu suka rage. Bar shi ya ɗan..."

Wayar ta yi walƙiya, ta yi kiɗa. Baƙin nan biyu suna ta ihun murna a kunnensa. Saƙo ya shigo a rubuce, gajere, da ladabi: "Mun ci, Yaya. Na gode." Ɗigon ya koma toka.

Minti shida. Bai harba ko harsashi ɗaya ba, bai kai ƙasan kwalin ba. Ya daɗe zaune a kan firizar da abin kunne a kunnensa, ba abin da ke fitowa ciki.

Matarsa ta leƙo ta rabin ƙofar da kofin shayi, fuskarta cike da sa rai.

"Ya shigo?"

"Ya shigo."

"Alhamdulillahi. Kun yi hira?"

Mai Firji ya kifa wayar a kan cinyarsa.

"Mun ci," ya ce.